Maƙwaƙwafi Da Rumbun Jama'a: Ina Iyakar Zumunci?

 

Yau a wannan fili namu za mu ɗan fita daga zaure mu zauna a inuwar itatuwa, domin tambayar da nake so mu duba wani tsuntsu ne ya jefo mini ita. Tambayar kuwa ita ce: ina iyakar zumunci? Watau a wane wuri ne taimakon ɗan'uwa yake tashi daga zama ibada ya koma cin amana?

Kada wani ya yi mamakin ganin zancen tsuntsu a filin addini. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Hankaka ne ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan'uwansa, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida. Alhudahuda ne ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin mutanen Saba'i, kamar yadda ya zo a Suratun Namli. Ashe ke nan wanda ya tsaya ya lura da tsuntsu da niyyar wa'aztuwa bai ɓata lokacinsa ba.

Duk wanda ya san Zariya ya san Kongo, a nan Tudun Wada, inda Makarantar Koyon Aikin Mulki take tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962, sa'an nan ta zama wani ɓangare nata. Nan aka horar da ma'aikatan En'e da alƙalai da jami'an mulki masu yawan gaske, waɗanda suka bazu cikin ƙasar Arewa, kuma har yau ana karantar da ilmin shari'a a wurin. Wuri ne mai tsofaffin itatuwa. A cikin hunturun da ya wuce na ɗauki al'adar bi ta ƙarƙashinsu bayan sallar asuba, lokacin da gari bai gama wayewa ba, ƙarar motoci ba ta danne kukan tsuntsaye ba.

Wata rana na ji ana ƙwanƙwasa itace a bisa kaina, kamar masassaƙi ya kama aiki da sassafe. Da na ɗaga kai sai na ga maƙwaƙwafi ne, tsuntsun nan da ya sami sunansa daga aikinsa. Kansa ruwan toka, bayansa ya ɗan ja zuwa ga kore, ga ja a gindin wutsiyarsa, namijin kuma yana da ja a tsakar ka, kamar ya kafa dara. Ba ya zama a kan reshe kamar kurciya. Manne wa jikin itace yake yi a tsaye, yatsu biyu gaba biyu baya, ya dogara da wutsiyarsa mai tauri kamar mai hawan rimi ya dogara da igiya. Yana hawa yana ƙwanƙwasawa yana saurare, in ya ji inda itacen ya yi holoƙo sai ya fasa ya zaro tsutsa da dogon harshensa.

Na yi makonni ina komawa wurin. Su biyu ne, namiji da mace, suna haƙa rami a jikin wani busasshen reshe. Wannan ya yi aiki ya gaji ya tashi, wancan ya karɓa. Garin itace yana zubowa ƙasa kamar dusa. Da ramin ya yi zurfi sai na ga suna karɓa-karɓa wajen kwanci, bayan an ƙyanƙyashe kuma suna karɓa-karɓa wajen kawo abinci, ɗaya na shiga ɗaya na fita, tun daga hantsi har la'asar sakaliya. Kafin bazara ta yi nisa 'ya'yan suka fito, suka zama ƙungiya guda. A nan ne na fi tsayawa kallo, domin tafiyarsu tana da tsari. Ba sa tashi gaba ɗaya kamar jan baki. Ɗaya ne zai fara tashi, yana sama yana ƙasa kamar mai lilo, ya sauka a itace na gaba ya yi kira. Sai na biyu ya bi, sai na uku, har a kwashe. In wani ƙarami ya makara, kiran ba ya yankewa sai ya iso. In kuwa shaho ya gilma, sai ɗaya ya yi ƙara, kowa ya zagaya bayan itace ya lafe.

Wani dattijo da yake ganina kullum ina ɗaga kai sama, ya ce mini, "Malam, ai wannan tsuntsu ba ya zaman haya, kuma ba ya karɓar kuɗin haya." Na ce, "Baba, yaya ke nan?" Ya ce, "Da bakinsa yake gina gidansa, in ya tashi kuma ya bar wa gwara ta shiga." Gaskiya ya faɗa, domin ramukan da maƙwaƙwafi ya bari su ne gidajen waɗansu tsuntsaye da Allah bai ba su bakin haƙa ba.

To, wannan namu na gida zamansa na iyali ne: uba da uwa da 'ya'yan shekara. Amma akwai wani ɗan'uwansa a yammacin Amurka wanda zamansa ya fi kama da na babban gidan gandu, bari mu kira shi maƙwaƙwafin rumbu. Masana sun daɗe suna bin sawunsa a wani gandun daji da ake kira Hastings a jihar Kalifoniya, tun daga shekarar 1968, kuma wani masani mai suna Walter Koenig ya kama aikin tun 1974, ana sa wa tsuntsayen zobba masu launi a ƙafa domin a san wane ne ya haifi wane. Abin da suka gano ya isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani.

Waɗannan tsuntsaye suna zama ƙungiya ƙungiya, wata ta kai goma sha biyar. Kowace ƙungiya tana da rumbunta, watau wani babban itace da suke hudawa ramuka ƙanana, kowane rami a cusa masa ƙwallo ɗaya na 'ya'yan wani itacen ƙasarsu, a ajiye domin lokacin sanyi. Rumbu ɗaya yakan kai ramuka 50,000. Ba tsuntsu ɗaya ya huda su ba, kuma ba a shekara ɗaya ba: kakanni suka fara, jikoki suke ƙarawa. In ƙwallo ya bushe ya yi sako-sako a raminsa, sai a cire shi a mai da shi ramin da ya fi matsewa don kada ɓarawo ya zare. Kowa yana zubawa, kowa yana ci, kowa yana gadi. 'Ya'yan bara da na bariya ba sa watsewa da wuri, sukan zauna su taya iyayensu ciyar da ƙannensu, alhali su kansu ba su haihu ba.

Wanda ya ji wannan zai ce, ai ga baitulmali, ga zumunci, ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, me ya rage mana sai koyi? To, a dakata a ji sauran labari.

A cikin ƙungiya ɗaya akan sami mata biyu ko uku, 'yan'uwan juna, suna saka ƙwai a rami ɗaya. Wadda ba ta fara sakawa ba, in ta tarar da ƙwan 'yar'uwarta sai ta ɗauke shi ta fitar, a kai bisa reshe a fasa a shanye, har da uwar ƙwan a cikin masu sha. Haka za a yi ta yi sai ran da duk suka fara sakawa tare. Masanan sun ƙidaya sun ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙwayayen da ake sakawa a irin wannan rami haka suke salwanta. Sa'an nan in masu haihuwa na wata ƙungiya suka mutu gurbi ya buɗe, sai 'yan'uwa daga ƙungiyoyin maƙwabta su yi gayya, maza da 'yan'uwansu maza, mata da 'yan'uwansu mata, su zo a gwabza faɗa na kwanaki a kan wanda zai gaje rumbun. Wani bincike da aka buga a shekarar 2020, wanda aka yi da ƙananan na'urori da aka ɗaura wa tsuntsayen, ya nuna cewa mai faɗa yakan yi awa goma a fagen fama a yini guda, kuma waɗansu sukan taso daga nisan kilomita uku ba don su raba ba, sai don kallo kawai, su ga wa ya yi rinjaye su koma gida.

Ga inda maganar take. Duk taimakon nan da tsuntsun yake yi, a kan jininsa ya tsaya. Wanda yake ciyarwa ƙanensa ne. Wanda yake tayawa faɗa ɗan'uwansa ne, ko da gaskiya ko babu, domin ba a ma san zancen gaskiya a wurin ba. Rumbun na dangi ne, bare in ya matso sai duka. Tun a shekarar 1964 wani masani ɗan Ingila, Hamilton, ya yi bayanin cewa irin wannan taimako a wurin dabbobi yakan bi kusancin jini ne: gwargwadon kusanci, gwargwadon sadaukarwa. Kuma tun kafinsa da ƙarnuka Ibn Haldun ya yi dogon bayani a cikin Muƙaddimarsa a kan asabiyya, watau ƙarfin haɗin dangi, yadda take kafa mulki da yadda mulkin yake lalacewa.

Tsuntsu ba shi da laifi a cikin wannan. Ba mukallafi ba ne, ba a aiko masa da Manzo ba, ba za a tambaye shi ƙwan 'yar'uwa ba. Yana bin abin da aka halitta shi a kai, kuma Suratun Nur, aya ta 41, ta gaya mana cewa yana da sallarsa da tasbihinsa waɗanda ya sani. Amma mutum fa? Mutum shi ne ya ɗauki amanar da sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka, kamar yadda ƙarshen Suratul Ahzab ya nuna. Saboda haka in alherin mutum bai wuce danginsa ba, in adalcinsa yana ƙarewa a ƙofar gidan ubansa, to, bai yi abin da maƙwaƙwafi bai yi ba. Tsuntsun ma ya fi shi, domin shi bai ɗauki alkawarin kowa ba balle a ce ya saɓa.

Kada a fahimce ni a karkace. Zumunci wajibi ne, kuma mai yanke shi yana cikin babban haɗari. Hadisi ya tabbata cewa sadakar da aka ba ɗan'uwa lada biyu gare ta, ladan sadaka da ladan zumunci. Sa'ad da Abu Ɗalha ya so ya ba da gonarsa ta dabino da ya fi so, wadda ake kira Bairuha'a, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarce shi ya raba ta ga danginsa na kusa, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Amma shi wannan Manzo, sa'ad da jikansa Alhasan yana yaro ƙarami ya ɗauki dabino ƙwaya ɗaya daga dabinon zakka ya sa a baki, sai ya sa shi ya tofar. A dubi waɗannan hadisai biyu tare, za a ga iyakar da muke nema. Gona guda an ce a ba dangi, domin ta Abu Ɗalha ce. Dabino guda an hana jika, domin ba na gidan ba ne. Ba yawan abu ko ƙanƙantarsa ake dubawa ba, mai shi ake dubawa.

Watau rumbu biyu ne. Akwai rumbunka, wanda guminka ya cika, a nan naka shi ne farko, kuma Allah zai ba ka lada. Akwai kuma rumbun jama'a, wanda aka ba ka mabuɗinsa ajiya: kuɗin hukuma, gurbin aiki, gurbin makaranta, kwangila, takin zamani da aka kawo a raba wa manoma, gadon yara marayu, kuɗin ginin masallaci, hukuncin da ke bakin alƙali. A nan ɗan ɗakinku da baƙon da ba ka taɓa gani ba daidai suke. Ramukan wannan rumbu ba kai ka huda su ba. Harajin talakawa da guminsu ne suka huda su tun zamanin kakanni, har da marayun da ba su da kowa a ofis.

Wannan ita ce koyarwar Suratun Nisa'i, aya ta 135, inda aka umarci muminai su tsayu da adalci ko da a kan kawunansu ne ko iyayensu ko danginsu. Ita ce kuma ta Suratul Ma'ida, aya ta 2, inda aka yi umarni da taimakon juna a kan aikin ƙwarai da taƙawa, aka hana shi a kan zunubi da ƙetare iyaka. Sa'ad da wata mata daga Banu Mahzum, babban gida cikin Ƙuraishawa, ta yi sata, aka tura Usamatu ɗan Zaidu ya yi ceto, fuskar Manzon Allah ta sauya, ya hau mumbari ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale mai daraja in ya yi laifi da hukunta mai rauni, ya kuma rantse cewa ko 'yarsa Faɗimatu ce ba za ta tsira ba. Sayyidina Umar, yana kwance da raunin da ya zama ajalinsa, ya zaɓi mutum shida su fitar da halifa a tsakaninsu, ya yarda ɗansa Abdullahi ya halarci shawara, amma ya ce ba shi da rabo a cikin sarautar. A nan ƙasarmu kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Bayanu Wujubil Hijra wanda ya kammala a shekarar 1806, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata da nuna son kai ga wasu mutane cikin abubuwan da suke saurin rushe mulki.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, "Malam, faɗa da baki sauƙi gare shi. Ni kaɗai ne na yi karatu a gidanmu. Dangi ne suka sayar da akuya da hatsi suka biya mini kuɗin makaranta. Yau ina kan kujera, in na ce musu doka ta hana, da wane ido zan dube su?" Wani abokina ma'aikaci ya taɓa ba ni labarin yadda kawunsa ya zo masa da takardun ɗansa, ya ce, "Ɗana, in ba ka yi mana yanzu ba, sai yaushe? Ko sai ka sauka ka zo muna kallon juna?" Ya ce ya kwana bai runtsa ba, domin yaron bai cika sharuɗɗa ba, kawun kuma shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa.

Amsa ita ce, bashin dangi gaskiya ne, kuma biyansa wajibi ne, amma ba a biyan bashi da kuɗin ajiya. Wanda ya ci bashin kawunsa ya je ya buɗe akwatin maƙwabci ya biya, bai fita daga bashi ba, mai binsa kawai ya sauya, kuma sabon mai bin bashin sai a Lahira za su haɗu. Gurbin da ka ba ɗan kawunka ba daga sama ya faɗo ba, na wani yaro ne da ya fi shi cancanta, wanda shi ma yana da uwa da ta sayar da akuya. Bambancinsu ɗaya ne: wannan kana ganin hawayensa, wancan ba ka gani. Abokin nan nawa daga ƙarshe albashinsa ya taɓa, ya mai da yaron makaranta ya sake jarrabawa. Kawun ya yi fushi na 'yan watanni. Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba, amma wannan shi ne zumunci, domin daga rumbunsa ya ɗiba.

Wani kuma zai ce, "To, in ɗan'uwana shi ya fi cancanta, sai in hana shi don kada a zarge ni?" A'a. Annabi Musa ya roƙi Allah Ya sanya ɗan'uwansa Haruna mataimakinsa, ya kuma kawo dalili, cewa ya fi shi fasahar harshe. Shehu ya ɗora wa ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello manyan al'amura, kuma littattafansu da ayyukansu sun shaida cancantarsu. Ma'aunin yana cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26: ƙarfin yin aikin da riƙon amana. Jini ba ya ƙara wa mutum maki, ba ya kuma rage masa. Sai dai zuciya mai ruɗi ce, kowa ɗansa ne gwani a idonsa. Saboda haka hanyar tsira ita ce, in naka yana cikin masu nema, ka janye hannunka ka bar waɗansu su auna.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi yaɗuwa: "Kowa haka yake yi. In ban yi wa nawa ba, na wasu za su cinye." A nan ne nake tuna tafiyar tsuntsayen nan na Kongo, ɗaya ya tashi saura su bi. A wurinsu wannan tsari rahama ne, domin na gaba abinci yake nema musu. Amma mutum an hore shi, a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, kada ya zama ɗan bi-yarima, mai cewa in mutane sun kyautata ya kyautata, in sun yi zalunci ya yi. In kowa ya fasa ƙwan ɗan'uwansa don kada a riga shi, ƙarshenta ƙwai ne yake ƙarewa, ramin kuwa na kowa ne. Haka asibiti yake zama ba magani, makaranta ba malamin kirki, kuma ɗan wanda ya yi son kan shi ma a nan zai kwanta in ciwo ya kama shi. Mu kuma da ba mu riƙe da mabuɗin kome, kada mu zama kamar tsuntsayen da ke tasowa daga nesa don kallon faɗa. Mu ne muke matsa wa ɗanmu da ke ofis, mu ne muke kiransa marowaci ko mara zumunci in ya tsaya a kan gaskiya, mu yi wa wanda ya kwaso kirari. Annabi ya koya mana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa a hana shi zaluncin. Uwar da ta ce wa ɗanta kada ya kawo mata abin da ba nasa ba, ta yi masa gatan da ya fi gado.

Ina kira ga ɗalibanmu da ke karatun shari'a da na mulki a ƙarƙashin itatuwan nan, waɗanda gobe za a miƙa musu mabuɗai, da su ɗaga kai wata safiya su dubi maƙwaƙwafi. Su ɗauki naciyarsa, da cin guminsa, da yadda ba ya barin ƙaraminsa a baya, da yadda yake barin gida ga wanda ba jininsa ba. Shi bai san yana yin wannan alheri na ƙarshe ba, saboda haka ba shi da lada a kai. Mu da aka ba mu hankali da niyya, muna iya yinsa da sani, kuma a kansa za a tambaye mu.

Allah Ya ba mu ikon sada zumunci da halalinmu, Ya tsare hannuwanmu daga abin da aka ba mu ajiya, Ya sa mu cika da imani.